Gefen titin nan haƙƙin mai keke ne

 A wannan fitowa ba zancen farashin kashu ko canjin naira da sefa na zo da shi ba, kodayake za mu taɓo kuɗi a gaba. Zancen keke na zo da shi. Na san wani zai yi murmushi ya ce yau kam dattijo ya rasa abin rubutawa. To a yi mini uzuri a karanta zuwa ƙarshe, don maganar ta 'ya'yanmu ce da yaran shagunanmu. Su ne ke kan kekunan nan safe da yamma, suna kutsawa tsakanin tirela da babur, mu kuwa muna zaune a rumfa muna jiran su dawo.

Sai mu fara da sanin irin garuruwan da muke zaune a ciki. Paraku da Zugu, wadda ake rubutawa Djougou, duk hanya ce ta raya su. Tun kafin zuwan Turawa ayarin kakanninmu kan taso daga Kano da Katsina da jakuna, su ratsa ƙasar Borgu, su yada zango a Zugu, sannan su miƙa Gwanja sayen goro. Paraku kuwa jirgin ƙasa ne ya ƙara mata girma. Layin dogon da ya taso daga Kwatano ya iso nan a 1936, ya tsaya, bai wuce ba har yau. Saboda haka duk kayan da za su Nijar a nan aka riƙa sauke su ana ɗora wa manyan motoci, su bi ta Kandi zuwa Malanbil. Zugu ma mahaɗa ce: hanyar Natitingu da Burkina, hanyar Kara ta Togo, hanyar kudu ta Basila, ga ta Paraku mai kusan kilomita 135. A ƙidayar 2013 kowace cikin gundumomin biyu ta haura mutum dubu 250, kuma duk mai ido ya san an ƙaru ƙwarai tun daga lokacin.

Na kawo wannan ne don kada a yi mini mummunar fahimta. Babbar mota abincinmu ce. Da ita shinkafarmu ke zuwa, da ita albasarmu ke tafiya. Tun da aka rufe gadar Malanbil bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kowa ya ɗanɗana yadda kasuwa ke zama idan motoci suka ragu. Ba wanda ke cewa a kore su. Abin da nake cewa shi ne titin da ya ɗauki tirela mai tan talatin, shi ne dai yarinya 'yar shekara goma sha biyu ke bi da kekenta zuwa makaranta, kuma ba a yi mata tanadin komai a kansa ba.

Titunanmu sun gyaru, wannan gaskiya ce, a yaba wa wanda ya yi. An faɗaɗa babban titin da ya ratsa Paraku da kuɗin Bankin Raya Afirka. Daga 2018 gwamnatin Shugaba Patrice Talon ta shiga aikin shimfiɗa kwalta a manyan garuruwa, Paraku na cikin na farko, daga baya aka shigo da Zugu. Unguwannin da a da mai babur kan ƙi shiga da damina yanzu sun zama sumul. Sai dai kowane alheri da nasa ɗawainiya. Ramukan da muke zagi a da, su ne ke riƙe ƙafar direba. Da titi ya yi santsi sai gudu ya ƙaru, kuma gudu shi ne ke kisa.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Idan mota ta ninka gudunta sau biyu, ƙarfin bugunta ba sau biyu yake ninkuwa ba, sau huɗu ne. Haka nan tazarar da za ta ci bayan an taka birki kafin ta tsaya. Wato mai tafiya kilomita 60 a awa, in ya bugi yaro, ya buge shi da ƙarfi huɗu na mai tafiya 30. Shi ya sa a babban taron kiyaye haɗurra da aka yi a Stockholm ta ƙasar Suwidin a Fabrairun 2020 ƙasashe suka yi kira da a tsaida gudu a kilomita 30 duk inda motoci ke cuɗanya da masu ƙafa da masu keke. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2023, ta ce kimanin mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa kowace shekara a kan titi. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Afirka ce ke kan gaba in an auna da yawan jama'a, alhali mu ne muka fi kowa ƙarancin motoci. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, tsakanin shekara 5 zuwa 29, babu abin da ya kai haɗarin titi ɗauke rayuka. Wannan fa shekarun 'ya'yanmu ne da yaran shagunanmu.

Wani zai ce to a hana su hawa mana, a riƙa ba su kuɗin zem. Mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A ce zuwa makaranta sefa 200 ne, dawowa 200. Kwana 22 a wata ya kama 8,800 ga yaro ɗaya. Mai 'ya'ya uku ya tashi da 26,400, rabin mafi ƙarancin albashin ƙasar nan ke nan, wanda aka kai 52,000 a farkon 2023. Makarantu da yawa kuma ana tashi da rana a koma da yamma, tafiya huɗu ke nan, sai ka sake ninkawa. Kuɗin zem na yaro ɗaya a shekarar karatu guda ya sayi keke na hannu mai kyau har a sami canji, kuma keken in an kula da shi ƙanensa ma zai gada. Sannan kowa ya tuna abin da ya faru a ƙarshen Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin mai a Najeriya. Cikin 'yan kwanaki kwalbar kpayo, man nan na bakin titi, ta yi tashin gwauron zabi a nan Benin, kuɗin zem ya bi ta. A lokacin na ga magidanta da dama sun fito da tsofaffin kekuna daga bayan ɗaki sun kai wa mai faci. Keke bai san Abuja ta yi magana ba. Iska kawai yake sha, da ɗan mai a sarƙa.

Saboda haka yaranmu za su ci gaba da hawa, ko mun so ko mun ƙi, don aljihu ne ya yanke hukunci. Abin da ya rage shi ne a ina za su bi.

Mai keke a garuruwan nan abu uku ne ke damunsa. Na farko gudun da na ambata. Na biyu babbar mota a kwana. Iyaye mata, ku karanta wa yara wannan da kyau. Direban tirela yana zaune can sama, kuma akwai wuraren da ko madubi ba ya nuna masa: gaban hancin motar, da gefenta na dama, da bayanta. Idan zai karya kwana dama, yakan fara buɗewa hagu kamar zai bar maka hanya, sai yaro ya ga fili ya shiga. Daga nan kan motar ya juyo, tayoyin baya kuwa ba sa bin sawun na gaba, yankowa suke yi ta ciki, su rufe filin nan gaba ɗaya. Direba ma sau da yawa ba ya sanin ya taka wani abu sai an yi masa ihu. Ƙa'idar ɗaya ce: kada ka taɓa shiga tsakanin babbar mota da bakin titi. In ba ka ganin fuskar direba a madubinsa, shi ma ba ya ganin ka. Da kakar auduga da ta kashu, lokacin da motoci ke yin layi zuwa masana'antun gurzar auduga da rumbunan ajiya, ga hazon hunturu ya rufe gari, sai a ninka hattara.

Na uku shi ne gefen titi, kuma nan ne maganar ta shigo gidanmu. Gefen nan shi kaɗai ne mafakar mai keke. To me ke cikinsa? Yashin da ruwa ya tara, wanda ke kwashe taya. Magudanar da aka cire wa murfi. Motar da aka ajiye ana lodi. Buhunan da aka jera don mai wucewa ya gani. Teburin mai kpayo, da bencin mai shayi, da babur mai ƙafa uku da ke jiran kaya. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya tare gefe, dole mai keke ya fito tsakiyar titi, yana juya wa motar da ke tafe baya. Bara yaron shagon wani maƙwabcina, ɗan shekara sha shida, an aike shi kai saƙo da keke. Wata mota na sauke siminti ta cinye gefe, ya kauce mata, babur ya kwashe shi ta baya. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafa ta karye, wata uku yana kwance. Da muka je gaida shi kowa na zagin ɗan babur. Ba wanda ya tambayi wa ya ajiye motar simintin a wurin.

Mun san yadda hukuma ke yi in ta tashi gyara wannan. Waɗanda ke nan a Janairun 2017 ba su manta da rusau ɗin da aka yi a manyan garuruwa ba, ranar da aka kwashe rumfuna da kwantenoni daga bakin titi, mutane da yawa suka yi asarar jari. Ba na fatan a maimaita. Shi ya sa nake ganin gara mu ja layi da kanmu, shugabannin kasuwa da na 'yan lodi su zauna su ce daga nan zuwa nan ba a ajiye kaya, kafin wani ya zo ya ja mana da katafila.

Game da doka kuwa, tun daga Maris na 2024 'yan sanda sun matsa a kan hular kwano, mai tuƙa babur da wanda aka goya duk sai sun sa. Wannan abu ne mai kyau, kai ba shi da safaya. Amma hular kwano tana aiki ne bayan an faɗi. Abin da muke nema shi ne kada a faɗi. A Kwatano an ware wa masu ƙafa biyu layinsu a manyan tituna, sunan layin ma a Faransanci na keke ne, amma je ka gani, babura ne cike da shi suna gudu, mai keke ya zama baƙo a gidansa. Abin dariya a nan shi ne sana'ar zemijan kanta jikar keke ce. A yankin Porto-Novo ta samo asali, inda masu kekuna ke ɗaukar mata masu sayar da akasa da kwandunansu zuwa kasuwa, kafin babura su shigo su karɓe aikin. Yau jikan ya kori kakan daga titi.

Kada a ce abin sai ƙasar Turawa. Duk wanda ya je Wagadugu sayen kaya ya ga yadda manyan tituna ke da layin masu ƙafa biyu daban, ya ga mata da goyo da tulin kayan miya a bayan keke suna tafiya abinsu, ba wanda ke kallon su. Su ma suna da nasu matsalolin, amma keke yana da mutunci a can. A Kigali ta Ruwanda tun 2016 akwai ranakun Lahadi da ake rufe wasu tituna da safe, a bar wa masu ƙafa da masu keke. Ita ma Holan da ake ba da misali da ita ba haka aka haife ta ba. A 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a titunanta, fiye da 400 yara ne. Iyaye ne suka fito da ƙungiya suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya, suka riƙa tare tituna suna damun hukuma. Sai ga matsalar man fetur ta 1973 ta zo ta ƙara musu hujja. Daga nan aka shiga gina hanyoyin keke. Kun ga ashe iyaye ne da tsadar mai suka yi aikin. Duka biyun muna da su.

Mu ma nan mun san yadda ake yi in an ga dama. Gasar tseren keke ta Tour du Bénin ta sha biyowa ta Zugu da Paraku. Ranar sai ka ga an share titi, 'yan sanda a kowace mahaɗa, an tsaida motoci, jama'a na tafi. Da 'yan tsere sun wuce sai a buɗe, ɗan makaranta ya koma neman ransa. Idan za a iya tsaida tirela don baƙon da zai wuce cikin minti biyar, ba a rasa abin da za a yi wa ɗan gari da ke bi kullum ba.

To me za mu nema, kuma a wurin wa? A nan sai an bambanta. Manyan hanyoyin da suka haɗa ƙasa da ƙasa, irin ta Kwatano zuwa Malanbil da ta Paraku zuwa Zugu, na gwamnatin tsakiya ne. Titunan cikin unguwa da tsarin kasuwanni da tashoshi kuwa ma'aikatar magajin gari na da ta cewa a kansu, kuma tun 2022 kowace gunduma na da sakataren zartarwa da ke riƙe da ayyukan yau da kullum. Akwai kuma CNSR, cibiyar kiyaye haɗurran hanya ta ƙasa, wadda wayar da kan jama'a na cikin aikinta. Ƙofar shiga ita ce mai unguwa da kansilan da ke yankinku. Kada a je da kuka kawai, a je da takarda, da sunan titi, da abin da ake so a yi masa. Ni dai ga abin da nake ganin ya kamata takardar ta ƙunsa.

A sa tudun rage gudu da alamar kilomita 30 a gaban kowace makaranta da islamiyya da ke bakin kwalta, da kewayen kasuwar Arzeke da babbar kasuwar Zugu. A yi tudun bisa ƙa'ida, a shafa masa fenti, ba irin wanda matasan unguwa ke tarawa da dare ya zama shi ma tarko ba.

Inda titi ke da faɗi, a raba gefe da dakalin siminti. Fenti kaɗai ba ya hana mota shiga, kuma damina ɗaya ke wanke shi.

A tsaida wa manyan motoci lokacin ratsa tsakiyar gari da lokacin lodi, a kauce wa sa'ar shiga makaranta da ta tashi. Wannan bai cin ko dala, tsari kawai yake so, kuma ƙungiyoyin direbobi za su fi karɓa in daga bakin masu kaya ya fito.

A rufe magudanun ruwa, a riƙa kwashe yashin gefen titi bayan damina, a gyara fitilun da suka mutu.

A ware wurin ajiye kekuna mai tsaro a makarantu da ƙofofin kasuwa. Tsoron ɓarawo na hana mutane da yawa hawa. Ko da ɗan abin da za a riƙa biyan mai gadi ne, wani ma ya sami sana'a.

Kada wani ya ce mu baƙi ne, ba mu da bakin magana. Unguwar Zongo ba jiya aka kafa ta ba. Muna biyan kuɗin rumfa, muna biyan haraji, da yawanmu a nan aka yanke mana cibiya. Kuma wannan ba maganar ƙabila ba ce. Ɗan Bariba da ɗan Dendi da ɗan Yom da Bafulatanin da ke shigo da nono, da manomin da ke kawo doya da gawayi a kariyar kekensa, duk gefe ɗaya suke bi. In sarkin Hausawa da limamai da ƙungiyar iyayen yara da shugabannin 'yan zem suka sa hannu a takarda ɗaya, da wuya a jefa ta a kwandon shara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Majalisar Ɗinkin Duniya tun 2018 ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya. Ga rana nan ta kai takarda, kuma in za a kai, a je a kan kekuna.

Kafin hukuma ta motsa, akwai aikin da ba sai an jira kowa ba. Maigida, keken da ka saya wa yaro, yaushe rabon da ka matsa birkinsa ka gani? Da yawa a ƙafa suke tsayawa, silifa ne birkin. A duba birki gaba da baya, a sa ƙararrawa, a sa fitila fara a gaba da jan madubi mai ƙyalli a baya. A rage tsawon sirdi daidai da yaro, kada a ba ɗan shekara tara keken babansa yana leƙe ta ƙarƙashin ƙarfe. A koya masa bin hannun dama, ba fuskantar motoci ba, da miƙa hannu kafin ya juya. 'Yan mata a ɗaure bakin hijabi da zane kada su shiga sarƙa ko taya. Wanda ke zuwa karatun dare a sa masa tufa mai haske. Hular kwano ma in da hali a saya, ko doka ba ta tambaya ba. Sannan a zauna da yaro a zaɓar masa hanya, ko ta fi nisa, in dai ta kauce wa babban titi. Masu shago kuma, yaron da aka ɗora wa katan shida a bayan keke aka ce ya yi sauri, in wani abu ya same shi, amana ce iyayensa suka ba mu. Masu motoci a cikinmu su ja kunnen direbobinsu: in za ka wuce mai keke ka ba shi tazara, kada ka matse shi, kada ka danna masa oda a kunne ya firgita.

Saura magana ɗaya, ita ce ta girman kai. A wurinmu keke ya zama alamar karaya. In aka ga alhaji a kai sai a fara raɗa, ko jari ya karye ne? Alhali iyayenmu da Rali suka yi fatauci, ango ma a da da sabon keke ake gane shi. Yanzu mun zauna a rumfa daga safe har magariba, daga kujera sai babur, ga hawan jini ga ciwon suga suna bin mu ɗaya bayan ɗaya, likita na cewa a motsa jiki. Ni kam ranar da ba ni da kaya da keke nake zuwa kasuwa, kuma ban ga abin da ya ragu a jikina ba sai tumbi. Amfanin ma ya wuce lafiya. Muddin yara da talakawa ne kaɗai ke hawa, ba mai gyara musu hanya. Ranar da masu faɗa a ji suka fara hawa, ranar za a ga ramin da ke gefen titi.

Malamanmu sun sha gaya mana cewa hanya tana da haƙƙi, kuma kawar da abin cutarwa daga kanta sadaka ne. To ga sadaka a ƙofar shagonka: ja buhun nan baya taku biyu, ka ce wa mai lodi ya gyara tsayuwa. Wanda ya karanta wannan ya kai maganar taron kasuwarsu na gaba, uwargida kuma ta kai ta taron iyayen yara. Allah ya tsare mana zuri'a, ya kai kowa gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.